Kafin Ku Ɗauki Mazurari

'Ya'yana, na ga lokacin bincike ya kama. Wannan ya shanya ganyen darbejiya, wancan zogale, wata ɓawon aduwa, an daka, an jiƙa a mitanol, an ƙafar. Saura rabawa. Ku zauna mu ɗan yi magana kafin ku ɗauki mazurari, domin a nan ne wahalar wata uku kan lalace cikin minti biyar.

Ko a tukunyar miya kun ga yadda man gyaɗa yake tasowa ya ƙi haɗuwa da ruwa. A kan haka aikin ya ginu. Idan kun dama abin da kuka ƙafar a ruwa, sinadarin da kuke nema yana zaune cikin ruwan, sai ku kawo masa wani ruwan narkarwa da ya fi so, ya yi ƙaura. Don haka kada ku ɗauko etanol ko mitanol ko asiton, su garwayuwa suke yi da ruwa, ba za ku ga rabuwa ba. Heksan yana kwashe maiƙo da kakin ganye, etil asitet ya ɗauki na tsaka-tsaki, butanol kuma ya jawo waɗanda suka shaƙu da ruwa. Shi ya sa ake bin su daki-daki, a fara da heksan.

Sai ku san wa ke sama, wa ke ƙasa. Mililita ɗaya ta ruwa giram 1 ce. Ta heksan 0.66, ta etil asitet 0.90, su a sama suke kwanciya. Dikuloromitan 1.33, kuloroform 1.49, su nitsewa suke yi. Na taɓa ganin yarinya mai ƙwazo ta tuttular da kason ƙasa a zaton ruwa ne, alhali can kayanta suke. Har yau idan na tuna hawayenta raina yakan sosu. In kun yi shakka, ku ɗiga ruwa kaɗan ku ga kason da ya shige. Kuma kada ku zubar da komai sai abin da kuke nema ya zo hannu.

Abin da na fi jiye muku shi ne zafin ƙasarmu. Yawancin littattafan da kuke karantawa a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Eta tana tafasa a digiri 35, dikuloromitan a kusan 40, ga shi kuwa a watan Afrilu rana takan wuce 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ɗumin tafin hannunku kaɗai ya isa ya tara tururi a cikin mazurari har murfi ya yi tsalle. Ku juya shi a hankali sau biyu ko uku, ku tallafe murfin, ku buɗe famfon ya huce, bakinsa na kallon inda babu kowa. Tururin eta ya fi iska nauyi, yana rarrafe a kan tebur har ya tarar da wuta a can nesa. Tsohuwar kwalbarta da ta daɗe a buɗe tana iya tara sinadarin da ke fashewa, ku kira babba ya duba. Benzin yana jawo sankarar jini, ku bar shi. Inda etil asitet zai yi aikin, shi nake zaɓa, yana jure zafi har digiri 77. Idan wuta ta ɗauke, na'urar zuƙe tururi ta tsaya, ku ma ku tsaya.

Kada ku juye ruwan narkarwar gaba ɗaya. A ce sinadarin ya ninka son sa sau biyu a kan ruwa, ruwan kuma mililita 30 ne. Zubi ɗaya na 30 zai ba ku kashi 67 cikin ɗari, zubi uku na goma-goma kuwa kashi 78.

Ke mai aduwa, naki da kumfa yake, kamar sabulu. Kika girgiza da ƙarfi zai zama kamar kindirmo ya ƙi rabuwa. Ki zuba ruwan gishiri mai kauri, ki jingine shi, ki je ki yi salla ki dawo. In ya rabu, ki ɗebi kason ruwan narkarwar, ki tsotse sauran laimar da busasshen sodiyam salfet, ki tace, ki rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalbar da fensir, don tawada ba ta jure waɗannan ruwaye.