Ganin Baba Yana Ja Baya: A Haƙura Ko Akwai Dabara?

Wani matashi daga karkarar Dungas ya aiko mini saƙon murya, ga abin da ya ce a taƙaice. Mahaifinsa ya haura shekara 60. Shekara biyu ke nan yana tuntuɓe da turmi, yana buga kafaɗa a ƙofar zaure, akuya ta gifta ta gefensa bai sani ba, amma in ka tsaya gabansa sak zai gane ka har ya kira sunanka. Idon ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ruwa. Sun sayo maganin ɗigawa a kasuwa ya fi kwalba biyar, an yi rubutu, an yi tofi. Yanzu sun hana shi gona da kasuwa don kada ya ji ciwo, shi kuma ya yi shiru, abinci ma sai an lallashe shi. Ya rufe da cewa: "Likita, da sauran dabara, ko mu haƙura?"

Ɗan'uwana, haƙuri yana da wurinsa, amma ba a fara shi kafin a san sunan cutar. Mu a nan duk abin da ya taɓa gani "ciwon ido" ne, alhali cututtukan ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ake maido da gani bayan ya tafi, akwai wadda tsayar da ita kawai ake iya yi, akwai wadda sai dai a koyi zama da ita. Ba a raba su ta waya, kuma mai tallar magani a faranti bai iya raba su ba.

Duk da haka alamun da ka lissafa sun sa na fi zargin gilokoma, wadda mutane ke ce wa hawan jinin ido. Sunan yana ruɗarwa, don ba jini ne ke hawa ba. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana kuma fita ta wasu ƙananan kafofi. Idan fitar ta yi nawa, ruwan ya matsa wa jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Daga gefe take fara ci, shi ya sa Baba ke ganin fuskarka amma ba ya ganin turmi. Duniyar tasa ta koma kamar ta mai leƙe ta cikin bututu. Mafi yawan irin wadda ke kama baƙar fata ba ta da zafi ko kaɗan, ta fi kama mu da wuri, ta fi kuma saurin ɓarna a kanmu. Abin da ta cinye ba ya dawowa, ko da wane kuɗi. Amma wanda ya rage ana iya tsare shi, kuma ganin da ke kai mutum masallaci da ƙafarsa ba ƙaramin arziki ba ne.

Saboda haka kada ku jira a gama girbi. Ku fara da likitar da ke kusa da ku ko asibitin gunduma, ku nemi a tura ku inda ake auna matsin ido a kuma leƙa jijiyar. Babban asibitin ƙasa na Damagaram yana da sashen ido. A Maraɗi akwai asibitin ido na Makka, a Kano akwai na ECWA wanda ke aiki tun 1943, kuma mutanen Magarya da Dungas ba baƙin hanyar Babura da Maigatari ba ne. In an ce gilokoma ce, maganin ɗigawar da za a rubuta na kullum ne har ƙarshen rai. A nan mutanenmu ke faɗuwa: a ɗiga wata guda, a ga gani bai ƙaru ba, a ce maganin banza ne. Aikinsa hana ƙaruwar ɓarna, kamar shingen da ke tare dabba daga sauran shuka. Idan Baba yana da asma ko ciwon zuciya ku faɗa wa likita, don ɗaya daga cikin magungunan da aka fi bayarwa, timolol, yana iya tayar da su. In kuwa likita ya kawo maganar aiki, kada ku firgita. Ga mutumin ƙauye da kwalba za ta ƙare masa da damina, hanya ta yanke, aljihu ya bushe, sau da yawa aikin ya fi ɗigawar da ake yi ana fashi.

Watan azumi ma ba dalilin ajiye magani ba ne. Wanda ake ɗigawa sau biyu a rana ana iya mayar da shi lokacin sahur da bayan buɗa baki, a danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu don kada ya gangara maƙogwaro. Ku shirya lokacin da likita, ku tambayi malaminku hukuncin. Abu na ƙarshe a kan wannan cuta ya shafe ka kai da kanka: tana bin jini. Ƙannen Baba da yayyensa, da duk ɗansa da ya doshi 40, su je a duba su ko da suna jin garau.

Da a ce ka ce mini ganinsa ya yi dishi-dishi kamar hazon hunturu, rana tana kashe masa ido, tsakiyar idon ta yi fari, da na yi maka albishir, don wannan yana ce, kuma ita ce aka fi samun sauƙinta. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, ido kaɗai ake kashe wa zafi, a cire abin da ya dushe a sa na roba, washegari a buɗe. Babban binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai 40 makafi ne, yana ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100, gilokoma na biye da kusan kashi 17. Maƙwabta ne, abincinmu ɗaya, ranarmu ɗaya, don haka darasin ya shafe mu. Binciken ya kuma gano cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, wato waɗanda ke bin kasuwanni suna soka tsinke su ture yanar ta faɗa cikin ido. Ranar farko mutum zai ga haske ya yi ta sa albarka. Bayan 'yan watanni kumburi ko hawan matsi ya biyo baya, idon da aikin rabin awa zai gyara ya mutu murus. Ban san ciniki mafi asara da wannan ba.

Yankinmu kuma yana da tsohon abokin gaba, amodari. Gundumomin Magarya da Matamaye suna cikin wuraren da aka fara rabon maganin azitromisin gida-gida a Nijar a farkon shekarun 2000, kuma cutar ta ragu ƙwarai a tsakanin yara. Sai dai waɗanda suka sha fama da ita tun ƙuruciya, musamman mata, tabon yana nan a cikin fatar ido, yana lanƙwasa gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar. Duk tsohuwar da ka ga tana yawo da ɗan matsefin cire gashin ido, ka kai ta likita. Gyaran fatar idon aiki ne na ɗan lokaci da ma'aikatan da aka horar ke yi a karkara, ƙarƙashin shirin ƙasa na lafiyar ido. Haka wanda karan gero ko ƙaiƙayi ya soki idonsa da kaka: a ranar za a je, ba a sa ruwan ganye, ba a sa tozali, ba a sa nono. Kuma ina roƙo a daina sayen maganin ɗigawa barkatai. Da yawa daga cikin masu kwantar da jan ido nan take suna ɗauke da sinadarin da in an daɗe ana sa shi, shi da kansa yake haddasa gilokoma da yana, ya kuma rura gyambon ido.

To, a ce an je, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Daga nan aikin ya dawo hannunku, kuma gaskiya kun fara shi a karkace. Kun hana Baba fita saboda ƙauna, na sani. Amma ku duba ta wajensa. Mutumin da shekara 40 shi ke yanke ranar shuka, shi ke cinikin rago, shi ake jira a ɗaurin aure, yau an shimfiɗa masa tabarma an ce ya huta. Cutar ta rage masa gani, ku kuma kun karɓe masa girma. Shirun nan da ƙin cin abinci baƙin ciki ne, kuma yana iya zama ciwon damuwa na gaske. In ya kai ga rashin barci, ko yana cewa gara mutuwa, a faɗa wa likita, kada a tsaya ga "sai haƙuri, Baba". Ku bar shi ya yi jimami, ya yi faɗa ma in ya so. Amma a ci gaba da kawo masa shawarar gida, kuɗinsa su zauna a aljihunsa, in baƙo ya zo ya tambaye shi kai tsaye maimakon a ce "me yake so?" alhali yana zaune.

Tun yanzu da sauran gani ya kamata ya koyi dabarun, don sun fi shiga. A tsakar gida kowane abu ya samu mazauni na dindindin: buta, takalmi, rediyo, turmi. Wanda ya ɗauka ya mayar. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida daidai tsayin ƙugu, a rufe bakin rijiya da na masai, a kewaye murhu, a ɗage igiyar shanya sama da kai. A shafa farar ƙasa a bakin ƙofa da dokin ƙofa don su fito fili, a sa tuwo a kwanon da launinsa ya bambanta, a tanadi tocila mai kyau don magariba. Mai gilokoma ya saba juya kai dama da hagu kafin ya taka, tunda gefen ne babu. Ido biyu ko ɗaya, sanda ba abin kunya ba ce. Dattawanmu da lafiyarsu ma suna riƙe ta.

Jagora ma yana da ƙa'ida. Ba a jan mutum da hannu ko a tura shi ta baya. Shi zai kama ka sama da gwiwar hannu, kana gaba da rabin taki, kana faɗa masa "ga rami", "za mu hau", "amalanke na zuwa ta dama". "Ga shi can" ba magana ba ce ga wanda ba ya ganin can. In ka shigo ka yi sallama ka faɗi sunanka, in za ka tashi ka ce ka tashi, kada a bar dattijo yana zance da bango. Wasan nan na "Baba, wane ne ni?" a daina shi. Kuma ina jan kunne da babbar murya: kada a cire jika daga makaranta a mai da shi ɗan jagora. A raba aikin tsakanin manya, hanyar masallaci kuwa a bi ta da shi sau goma, sau ashirin, yana ƙirga taki yana lura da alamu, har ya iya shi kaɗai.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Wasu masu raunin gani sukan ga mutane, ko dabbobi, ko zane-zane da babu su, suna kuma sane cewa babu su. Wani masani mai suna Charles Bonnet ya bayyana wannan tun 1760 a kan kakansa. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin hoton da ido ya daina aiko mata. A wurinmu mutum zai ɓoye don kada a ce iska ce ko taɓin hankali, ko kuma a kwashi kuɗi a kai wa boka. Ka tambayi Baba a hankali, kai da shi. In yana gani, ka ce masa sananne ne, a kuma shaida wa likita.

Sana'a ba ta ƙare ba. Hannun da ya san ƙasa yana iya ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, saƙar kaba, kiwon tumaki a turke, tsaron tebur a ƙofar gida. Mace mai raunin gani ta ci gaba da zubin adashinta da zuwa taron Mata Masu Dubara in tana ciki. Yawancin wayoyin zamani suna da manhajar TalkBack mai karanta abin da ke allo, saƙon murya na WhatsApp kuwa kamar don su aka yi shi. Mun gaji sarautar Sarkin Makafi, akwai kuma ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN. Zama da wanda ya riga ka shiga halin yana koyar da abin da likita bai sani ba. Idan yaro ne abin ya samu, akwai rubutun makafi na Braille da makarantar Soli Abdurahaman a Yamai, bara ba ita ce makomarsa ba. Shi kuwa Baba, a tuna masa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, wanda Annabi (SAW) ya sha bar wa jagorancin sallah a garin in zai yi tafiya.

Ranar da za ku tafi asibiti, ku zuba duk kwalaben da aka taɓa ɗiga masa a leda ku tafi da su, har waɗanda suka ƙare. Ku yi sammako, ku shirya wuni, don in an ɗiga maganin buɗe ido gani yakan dushe na 'yan awanni. A auna masa sukari da hawan jini, tunda su ma suna cin ido a ɓoye. Kafin ku fito ku tabbata an rubuta muku sunan cutar a takarda, an faɗa muku ko gani zai dawo ko tsare shi za a yi, da ranar komawa. Likita ya yi wa Baba bayani shi da kansa, kai kana gefe. Kafin nan, ranar kasuwa mai zuwa ka ba shi gwiwar hannunka ku tafi tare, kuma in an zo cinikin rago, ka yi shiru ya taya.