Darasi: Kiwon Kifi Lokacin Hunturu

A watannin Disamba da Janairu, hunturu yakan yi ƙarfi a Kambaza da ƙauyukan Gwandu da Kalgo. Ruwan kududdufi yakan yi sanyi, sai tarwada da karfasa su rage cin abinci.

Idan mai kiwo bai rage abin da yake zubawa ba, saura zai ruɓe. Ruwa ya lalace, kifi ya mutu, jari ya karye.

Abin yi:
1. A rage abinci.
2. A zuba shi da azahar, bayan rana ta ɗumama ruwa.
3. Zurfin ruwa ya kai mita 1, domin ruwa mai zurfi ba ya saurin yin sanyi.
4. Iska tana shanye ruwa. A riƙa ƙarawa.

Tambaya: Me ya sa ake rage abincin kifi da hunturu?