Yadda Ake Tantance Sabon Nau'in Ƙuda Mai Dogayen Ƙafafu

Ƙuda mai dogayen ƙafafu ɗan ƙaramin ƙwaro ne kore shar, mai ƙyalli kamar an goge tagulla, kuma yawancinsu ba su wuce ƙwayar shinkafa tsawo ba. Masana na kiran danginsu Dolichopodidae, sunan da Bafaranshe Latreille ya sa musu a 1809, kuma zuwa yau an rubuta nau'o'insu fiye da 7,000. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da hantsi a lambunan bakin madatsar Tomas ko ta Watari ya gan shi a kan ganyen masara ko kuɓewa, yana ɗan gudu ya tsaya cak. Ba ya sauka a kan tuwo, ba ya cizo. Darɓa da ƙananan tsutsotsi yake farauta, don haka abokin manomi ne, ko da manomin bai san da shi ba.

A karkarar arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Bichi, gona na manne da gona, ba wani daji na a zo a gani. Sai mai tarawa ya bi inda laima take: fadama, taɓon bakin kududdufi, gindin rijiyar lambu, da jikin mangwaro ko ɗorawa, inda 'yan jinsin Medetera ke tsayuwa da kai sama. Ƙarshen damina ya fi albarka. Ana kaɗa raga a kan ciyawa, ko a jera robobi masu launin ruwan ɗorawa ɗauke da ruwa da ɗigon sabulu, ko a kafa tarkon Malaise, wani ɗan tanti da René Malaise na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro. Kafin a kafa komai sai an gaida mai unguwa an nemi izinin mai gona, kuma yaran gari ne kan zama masu gadin tarko daga awaki. Abin da ya faɗa a zuba shi a kwalbar sifirit, tare da 'yar takarda da aka rubuta gari da kwanan wata da sunan mai kamawa da fensir, domin tawada narkewa take yi. Ƙudan da ba shi da wannan takarda ya tashi a banza, kome kyansa.

A ɗakin bincike, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana ware maza daga mata. Gane jinsi, wato gidan da ƙudan ya fito, ba ya ɗaukar lokaci ga wanda idonsa ya saba: jijiyoyin fiffike, ƙirar ƙahon kai, da jerin gashin ƙirji da na ƙafa sun isa. Babin da Igor Grichanov da Scott Brooks suka rubuta a kundin Manual of Afrotropical Diptera na 2017 shi ne jagora kan jinsunan Afirka. Mazan wasu nau'o'i na da ado a ƙafa, kamar 'yar tuta, wadda suke kaɗa wa mace lokacin neman aure.

Inda gizo ke saƙar shi ne wutsiyar namiji. Matan nau'o'i da yawa kamarsu ɗaya, launi kuma yakan yaudari ido, amma gaban namiji, wanda ke naɗe a ƙarƙashin ciki, kowane nau'i da ƙirarsa. Abin bai kai ƙwayar gero ba. Da tsinin allura ake ɓalle shi, a jiƙa a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ɗan'uwan ruwan tokar masu sabulu amma ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Sinadarin na cinye nama ya bar ɓawo garau. In an yi gaggawar cirewa, duhu ya rufe komai. In an bar shi ya wuce kima, sai ya yi fari fat ya saki, ƙananan ƙugiyoyin da ake nema su ɓace wa ido. Gwani ba ya dogara da agogo kaɗai. Yana leƙawa a kai a kai har abin ya koma launin shayi marar madara, sannan ya ɗauraye shi ya sa a ɗigon gilisarin. A nan ma akwai haɗari, musamman da hunturu: numfashi mai ƙarfi ko iskar fanka na iya ɗauke shi tun yana bakin allura, kuma in ƙudan ɗaya tilo ne, aikin damina guda ya tafi. Shi ya sa tsofaffin hannu kan kashe fanka su rufe taga, su jure gumi. Daga nan a juya shi gefe, a juya shi ciki, a zana kowane lanƙwasa. Har yau zanen hannu na nuna abin da hoto kan ɓoye.

Sai kwatance, wanda ya fi komai cin lokaci, domin kafin a ce abu sabo ne dole a tabbatar ba wanda ya riga ya raɗa masa suna. Ana duba tarin ƙwarin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, amma samfuran asali na ƙudajen Afirka da dama suna gidajen adana na Landan da Tervuren ta Beljiyam, sai an nemi aro ko hoto. Tun 2003 aka ƙara da gwajin ƙwayar halitta: a cire ƙafa ɗaya a karanta wani yanki na ƙwayar halittar da ake kira COI, mai haruffa 658, a gwada da na 'yan'uwansa.

In bambanci ya tabbata, sai raɗin suna. Kalma biyu ce ta Latin, bisa tsarin da ya kafu a littafin Linnaeus na 1758: ta farko jinsi, ta biyu nau'i. Sunan wuri kan ɗauki ɗafin "-ensis", ta yadda Kunci ko Makoɗa za su iya shiga littattafan duniya ta bayan ƙuda. Ana zaɓar namiji guda mafi cikar gaɓoɓi a matsayin samfurin asali, a busar da shi a hankali don kada kansa ya lotsa, a liƙa masa jar takarda, a ajiye wutsiyarsa a 'yar kwalba a jikin allurarsa. Sunan ba ya zama halattacce sai an buga bayanin a mujalla ko littafin ilimi, kuma tun 2012 bugun intanet na karɓuwa in an yi masa rajista a ZooBank. Shi kuma samfurin a miƙa shi gidan adana, cikin akwati mai rufi gam da ƙwayar kafur, saboda gara da ƙwarin da ke cin busasshen ƙwaro.