Yadda ake zaɓen wuraren da za a liƙa wa ledar kare fenti a jikin a-kori-kura

Kafin ka taka shagon masu liƙa leda, je ka nemi tsohuwar Hilux wadda ta daɗe tana bin irin hanyar da taka za ta bi. Ka tsuguna a gabanta da hantsi, ka duba da kyau. Bakin bonet ya yi zanzana, bayan madubai ya ƙoƙe, ƙasan ƙofofi kuwa tsakuwa ta ci shi har ƙarfe ya fara leƙowa. Rufinta fa? Sumul, sai ɗan kashin tsuntsu. Duk inda ka ga tabo a jikinta, nan taka za ta ji ciwo, nan kuma kuɗinka ya kamata su tafi.

Ledar ba irin ta tintin gilashi ba ce. Roba ce garai-garai mai naci, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Asalinta daga sojojin Amurka ne a zamanin yaƙin Biyetnam, lokacin da yashi ke cinye farfelar jirage masu saukar ungulu, kamfanin 3M ya yi musu abin rufe ta. Yau XPEL da SunTek da STEK duk suna yin tasu, kuma masu kyau daga ciki, idan suka ɗan karce, zafin rana ko ruwan ɗumi na shafe karcen.

Da gaban mota ake farawa. Masu shago za su ba ka zaɓi biyu: ko a rufe bamba da madubai da kamar santimita 45 zuwa 60 na bonet, ko a rufe bonet gaba ɗaya da fukafukan da ke saman tayoyin gaba. Na farkon ya fi araha, amma ni ba na ba kowa shawarar sa. Inda ledar ta tsaya a tsakiyar bonet, layi ne ke fitowa, ƙurar hunturu ta taru a bakinsa, farar mota ta wayi gari da jan zare a goshi. Kuma tsakuwar da tifa ke watsowa ba ta san inda aka tsaya da awo ba. In kuɗi sun gaza, gara ka rufe bonet duka ka haƙura da wani wurin.

A gefe ne a-kori-kura ta bambanta da ƙaramar mota. Tayoyinta manya ne, masu zurfin zane, suna cafkar tsakuwar burji su harba ta a jikin motar da kanta. Don haka a rufe ƙasan ƙofofi tun daga tayar gaba har ta baya, musamman kumburin bodin da ke gaban tayar baya, inda duka ya fi sauka. Sai saman gefen bodi da bakin ƙofar baya, wurin da ake jan buhun masara ana dire jarka. Ramin hannun ƙofa ma a sa masa ɗan yanki, saboda farce da zobe da makulli. Wanda aikinsa ke shigar da shi daji, inda ƙayar bagaruwa ke shafar mota daga kai har wutsiya, shi ne ya dace ya rufe ƙofofin duka. Mai yawo tsakanin ofis da gida a kan kwalta ba ya bukatar haka.

Cikin bodi ba wurin leda ba ne. Shimfiɗar roba ko feshin roba mai kauri ake yi masa. Baƙar robar bamba mai kaushi ma ba ta riƙe leda da kyau, a bar ta.

Daga nan ka duba fentin. Duk abin da leda ta rufe a kansa zai zauna a ƙarƙashinta ana kallonsa, shi ya sa ake wanke mota tas, a goge, a cike ramukan tsakuwa tukuna. Idan sabon feshi aka yi, a jira aƙalla wata guda ya bushe sosai, in ba haka ba ran ɓare leda fenti ya biyo ta.

Mai liƙawa shi ne rabin aikin. Tambaye shi: da na'ura yake yanko ledar ko da wuƙa a jikin motarka? Yana naɗe bakinta ta cikin bonet? A rufaffen ɗaki yake aiki ko a fili iska na kawo ƙasa? Ka ce ya nuna maka motar da ya yi wa bara, ka shafa gefunan da yatsa. Ka nemi sunan ledar da takardar garanti. Manyan kamfanonin na bayar da garantin wajen shekara 10, mai arha kuwa rana na mayar da ita rawaya.

In an gama za ka ga ɗan ruwa ya maƙale a ƙarƙashi nan da can. Kada ka huda, zai bushe da kansa. Ka yi mako guda ba wanki, bayan nan kuma ka gaya wa yaron wankin mota ya nisanta bakin injin feshi daga gefen ledar.