Sifikar Leda ta Gwanjo: Yadda Za Ka Gwada Ta, Ka Haɗa Ta, Ka Kare Ta Daga Ƙurar Kano

A hunturun da ya wuce wani abokina da ke Tarauni ya turo min hoto ta WhatsApp: wasu dogayen abubuwa guda biyu, kowanne ya kusa kai kafaɗar mutum, samansu kamar ragar taga, kana hango bango ta cikinsu. A cikin kayan gwanjo ya tsince su, mai kayan ma bai san takamaiman aikinsu ba. Da na ga an rubuta MartinLogan a jiki sai na ce masa kada ya taɓa komai sai na zo. Kafin in taso daga Gyadi-Gyadi in isa gidansu, tafiyar da ba ta kai minti 15 a adaidaita ba, ya riga ya jona ɗaya a soket. Ƙaurin wayar da ta ƙone ne ya tare ni a bakin ƙofa. A bayan sifikar an rubuta 120V ƙarara, wutarmu kuwa 230 ce. Sai da muka yi makonni muna zarya wajen mai gyaran rediyo kafin ta sake magana.

Irin wannan sifika sunanta ilektirositatik. A darasin nan zan riƙa kiran ta sifikar leda, za ka ga dalili yanzu. Ba kasafai ake ganin ta a Kano ba. Sai dai ta ɓullo jefi-jefi cikin kayan da ake saro wa daga kasuwar Alaba ta Legas, su ƙare a shagunan kayan sauti na Sabon Gari. Wanda ya yi sa'ar samun mai lafiya zai ji sautin da bai taɓa ji ba a ɗakinsa. Wanda ya sayi matacciya kuwa ya sayi kayan ado mai tsada.

Yadda take aiki

Sifikar da ke cikin wayarka, da ta hom tiyatar falo, da ta masu kiɗan biki, duk tsari ɗaya ne: maganaɗisu da koyil suna tura wani kwano gaba da baya. Sifikar leda ba ta da maganaɗisu a allonta. Abin da ke ciki wata siririyar leda ce da aka ɗaure tamau kamar fatar kalangu, aka sa ta tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu huji-huji kamar rariya. Kaurin ledar MartinLogan kusan maikiron 12 ne, gashin kanka ya ninka ta kauri sau da yawa. Ana ɗora wa ledar cajin lantarki na dubban bolt, sannan a tura sautin waƙa cikin rariyoyin biyu. Ta gaba ta ja, ta baya ta tura, sai su juya, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Da yake ledar ba ta da wani nauyi, tana bin sautin nan take, shi ya sa murya da goge da sarewa suke fita tar kamar mai yin su yana ɗakin.

Ka san wannan cajin tun kana firamare. Shi ne wanda ke sa biro ya ɗauki guntun takarda bayan ka goga shi a kai, shi ne ke ba ka ɗan shokin nan in ka taɓa ƙofar mota da hunturu. Kuma in ka tuna yadda fuskar tsohuwar talabijin mai ƙeya take kwasar ƙura, to ka riga ka fahimci babbar matsalar wannan sifika a garinmu. Abin da ke jan takarda yana jan ƙura.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1957 kamfanin Quad na Ingila, ƙarƙashin Peter Walker, ya fitar da wadda ake kira ESL-57, sai ESL-63 ta biyo baya a 1981. MartinLogan kuwa a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka yake, ya fara fice a farkon shekarun 1980. Yawancin na MartinLogan gauraye ne: allon leda a sama, akwatin bes na gargajiya a ƙasa, domin ledar ita kaɗai ba ta iya bayar da bes mai girgiza ƙirji.

Wata alama mai sauƙi: sifikar leda dole ta sha wuta daga soket ban da wayar da ke zuwa daga amfilifaya. In ka ga faffaɗar sifika marar wayar wuta, wataƙila Magnepan ce, ita maganaɗisu take amfani da shi, dokokinta daban.

Kafin ka biya kuɗi

Nan ne wayarka za ta yi maka aikin da ya fi kallon TikTok. Fara da duba bayan sifikar ka karanta adadin wutar da take sha. Kayan da suka fito daga Ingila da sauran Turai 220 zuwa 240 ne, sun dace da mu. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta. Wasu sababbin samfura suna zuwa da adafta irin ta laftof, ita ma ka karanta jikinta. Kada ka yarda da maganar "ai duk ɗaya ne".

Sannan ka kunna fitilar waya ka haska allon daga baya, kai kana kallo ta gaba. Kana neman huda, yagewa, ɗigon baƙi mai kama da ƙunar sigari, ko wurin da ledar ta saki ta yi tattara. Baƙin ɗigo alama ce ta cewa wuta ta taɓa tsallake daga rariya zuwa leda. Ka danna gefen kwanon bes a hankali, domin soson da ke zagaye da shi yana rududdugewa in ya tsufa, musamman a zafi irin namu. Wannan kam gyaransa mai sauƙi ne, masu gyaran sifika sun saba.

Ka jona su a wuta ka ba su lokaci su yi caji. Wasu cikin ɗan lokaci suke cika, tsofaffin Quad kuwa suna iya ɗaukar sa'o'i in sun daɗe a ajiye. Kafin ka sa kowace waƙa, kara kunnenka kusa da allon. Ya kamata ka ji shiru. Ƙarar tas-tas ko huci kamar na taya mai yoyo yana nufin caji na zurarewa. In da hali a rufe ƙofa a kashe fitila, wani lokacin za ka ga ɗan tartsatsi shuɗi a daidai inda matsalar take.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na daidaito. Sauke manhajar da ke fitar da sautin gwaji da kuma mai auna ƙarfin sauti, akwai su kyauta a Play Store. Tura sauti iri ɗaya ga ta hagu ita kaɗai, ka auna daga tazarar mita ɗaya, sannan ka yi wa ta dama haka ba tare da ka taɓa boliyom ba. In ɗaya ta fi ɗaya da desibel 3 ko fiye, allon mai rauni ya fara mutuwa. Haka in ka ji bes yana dukan ƙirji amma murya ta dushe kamar daga cikin rijiya, to maganin da aka shafa wa ledar domin ta riƙe caji ya gaji. Wannan ba gyaran Farm Centre ba ne. Sabon allo daga waje ake odarsa, kuma sau da yawa kuɗinsa da na dako sun fi abin da ka sayi sifikar. A ganina, in allo ya mutu ka haƙura kawai, komai arhar da aka yi maka.

In ciniki ya faɗa, kada ka cusa su a adaidaita rabinsu a waje. Ɗauki akori-kura, ka naɗe su da bargo, kada a ɗora komai a kan allon.

Amfilifaya

Kuskure na biyu da ake yi bayan na wuta shi ne jona ta a ƙaramin hom tiyata na kwali ɗaya mai sifiku biyar. Ba zai ja ba. Sifikar gargajiya turjiyarta ga lantarki om 6 ko 8 ce. Ta leda kuwa, ko da an rubuta 4 ko 6 a jiki, in sauti ya yi sama sosai tana iya faɗowa zuwa om 1 ko 2. Amfilifaya mai rauni zai yi zafi, ya riƙa kashe kansa, wata rana ya tafi gaba ɗaya. Nemi risiba mai nauyi irin na Denon, Marantz, Yamaha ko Onkyo wanda aka rubuta yana ɗaukar om 4. In yana da ramukan fitar da sauti zuwa wani amfilifaya daban, ya fi, sai ka ba sifikun leda nasu amfilifayan su kaɗai.

Quad ESL-57 ita akasin haka ce. An yi ta ne a zamanin amfilifaya mai wat 15, in ka danna mata ƙarfi allon tsakiya zai ƙone. Wannan ta sauraron waƙa ce a natse, ban ba ka shawarar sa ta a fim ɗin harbe-harbe ba.

A saitin risiba ka zaɓi cewa sifikun gaba ƙanana ne, ko da kana ganin sun fi ka tsawo, ka sa mahaɗar bes a 80Hz domin sabwufa ta ɗauki nauyin fashewar bam da rugugin mota. Hakan na rage wa amfilifaya wahala. In risibar ta zo da ɗan makirufon saiti, wanda Denon da Marantz ke amfani da shi da tsarin Audyssey, Yamaha kuma YPAO, ka yi amfani da shi. A kayan gwanjo yawanci ya ɓace, ka tambaya tun a shago.

Daga waya kuwa, Bluetooth zai yi, amma waya ta USB-C zuwa risiba ta fi. Kuma ka sani wannan sifika ba ta rufa asiri. Waƙar da aka tatso daga bidiyo aka matse ta, wadda ke da daɗi a iyafis, a nan za ka ji duk ƙazantar da ke cikinta.

Wurin ajiyewa

Sautin da ke fita ta gaba, irinsa ne ke fita ta baya. In ka manna ta da bango, na bayan zai dawo ya rikita na gaban. Ba ta tazarar santimita 60 zuwa mita ɗaya daga bango. Na san a ɗakin saurayi mai katifa da wadirof wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka auna ɗakinka tun kafin ka saya. Ɗakunanmu na tayil da siminti suna amsa kuwwa, don haka kafet a ƙasa da labule mai kauri a bangon baya suna gyara sauti fiye da wayoyi masu tsada.

Ga dabarar da MartinLogan da kansu suke koyarwa don allonsu mai lanƙwasa. Zauna inda za ka riƙa kallo, riƙe tocila a ƙarƙashin haɓarka, ka haska sifikar. Za ka ga layin haske a tsaye a jikin allon. Juya sifikar a hankali har layin ya zauna a kashi ɗaya cikin uku na allon ta ɓangaren ciki. Ka yi wa ɗayar haka. Sai dai fa daɗin nan na mutum ɗaya ne ko biyu da ke tsakiya. In abokai goma suka cika ɗaki kallon wasan Arsenal, na gefe ba zai ji abin da ka biya kuɗi dominsa ba.

Ƙura, hayaƙi da wuta

Waɗanda suka ƙera sifikun nan ba su san hazon Disamba a titin Zariya ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura mai laushi kamar hoda tana shiga ko'ina, ledar da ke da caji kuma tana zuƙo ta. Da rani ƙurar za ta kwanta kawai. Sai damina ta zo, a Yuli da Agusta iska ta yi laima, ƙurar ta jiƙe ta zama hanyar da caji ke bi ya tsere. A lokacin ne za ka ji sauti ya ragu ko tas-tas ya fara, ka ɗauka damina ce ta ɓata ta, alhali ƙurar hunturu ce da ba a share ba.

Abin yi guda uku ne. In ba ka sauraro, zare ta daga soket, ledar da ba ta da caji ba ta jan ƙura sosai. Ka sa tela ya ɗinka mata riga ta yadin auduga mai rufe ta har ƙasa, ba ta roba ba, roba na tara gumi. Sannan ka riƙa zuƙe ƙurar. MartinLogan sun ce a zare wuta na sa'a 6 zuwa 12, ko a bar ta ta kwana, kafin a bi allon gaba da baya da injin zuƙe ƙura. Su sau uku ko huɗu a shekara suke faɗa. Ni da hunturu duk wata nake ba da shawara. Kada ka yi amfani da bulowar masu gyaran kwamfuta da ƙarfi, kada ka sa tsumma mai ruwa, kada ka fesa mata komai. Za ka ga bidiyon Turawa suna wanke allon a banɗaki. Su in ya lalace gobe za a kawo musu sabo.

Quad kuma kada ka kai mata injin zuƙa kusa. Tana da wata ledar kariya daga ƙura a ciki, in ta yage ka buɗe wa ƙura ƙofa.

Abin da ya fi ƙura illa shi ne hayaƙi mai maiƙo, domin shi mannewa yake yi, injin ba ya cire shi. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, shisha, hayaƙin suya daga kicin, duk ɗaya ne a wurinta. In Hajiya za ta zagaya da kasko, a zare wuta a rufe sifikar tukuna. Ka nisanta ta da tagar da rana ke faɗowa. Da farkon damina in shinge suka fito, rufe taga, ƙwaro ɗaya in ya maƙale tsakanin rariya da leda zai iya barin huda. Yara kuma hujin nan yana kiran su da tsinke.

Ita kanta sifikar wat kaɗan take sha, amfilifaya ne mai ci. Ka haɗa su duka a sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. In za a tayar da janareto, zare su sai ya daidaita. Inbata mai arha wadda wutarta ba santsi gare ta ba tana sa taransifoma gurnani, ka nemi wadda aka rubuta tana ba da tsantsar wuta irin ta layi.

Kada ka kwance bayanta don ganin ƙwaƙwaf. Akwai dubban bolt a ciki, kuma cajin yana daɗewa bayan an zare fulogi. In dole sai an buɗe, a bar ta ta kwana ba wuta, a kai ta wajen tsohon mai gyaran talabijin mai ƙeya, irin waɗanda suka saba sauke caji kafin su sa hannu. Wanda ya gyara ta abokina irinsu ne, kuma abu na farko da ya yi bayan ya gama shi ne manna farar takarda kusa da ramin wutar, ya rubuta 120 da jan biro.