Waya Ma Tana Kamuwa da Cuta

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 takardun kuɗi suka yi wuya, yawancin cinikin riɗi da dawa da dabbobi a Abu Hujar da Sinja da Maiurno ya koma ta waya, musamman ta manhajar Bankak. Waya ta zama asusun gida, a cikinta kuma ake adana hoton takardar likita. Saboda haka lafiyarta ta shafi lafiyar iyali.

Yadda cutar take shiga

Cutar waya muguwar manhaja ce da ɓarayi suke ƙirƙira. Takan shiga idan mutum ya latsa saƙon da ke alkawarin tallafi ko kyauta, ko ya sauke manhaja daga shafin intanet da bai sani ba. Wani shafin ma yakan tsorata ka cewa wayarka ta kamu, ka latsa nan a wanke ta, alhali tarkon ke nan. In ta shiga, tana iya karanta saƙonnin banki, ta kwashe lambar sirri. Ɓarnarta ba ta tsaya ga waya ba: a Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000.

Aikin manhajar kariya

Aikinta kamar na ma'aikacin asibiti ne. Da farko tana gwada duk abin da aka sauke da jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani. Na biyu, tana lura da hali: manhajar tocila da ke neman izinin karanta saƙonni abar zargi ce. Na uku, tana killace abin da ta kama, kamar yadda ake keɓe mai kwalara, sannan ta goge shi. Yawancin wayoyin Android suna da irin wannan kariya kyauta, mai suna Play Protect, tun 2017. Amma kullum ana ƙirƙiro sababbin cututtuka, don haka kariyar da ba a sabunta ba kamar rigakafin da ba a kammala ba ce.

Abin da ya rage gare ku

Ku riƙa sauke manhaja daga Play Store kaɗai. Ku sabunta waya duk sa'ad da aka sami intanet. Kada ku ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake, domin babu manhajar da za ta tsare ƙofar da mai gida ya buɗe da hannunsa. Idan an ga alamar kamuwa, a kashe intanet, a goge baƙuwar manhajar, a canza lambar sirri ta wata waya mai lafiya, a kuma sanar da banki. Rigakafi ya fi magani.