Yadda ake sa kwamfuta da waya su rubuta harshen Lituwaniya daidai

Daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin Sarkin Rasha ta haramta buga harshen Lituwaniya da haruffan Latin. Shekara arba'in cur ana buga littattafai a Gabashin Furusiya, wasu mutane da ake kira knygnešiai, wato masu dakon littafi, suna tsallako iyaka da su cikin dare. Jikokin waɗannan mutane ba sa ɗaukar ɗigon kan harafi da wasa, kuma duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Vilnius ko Kaunas zai gane haka tun daga wasiƙarsa ta farko.

Haruffan harshen 32 ne, tara daga ciki babu su a allon madannai na Turanci: ą, č, ę, ė, į, š, ų, ū da ž. Alamomin nan aiki suke yi a nahawu. Knyga littafi ne idan shi ake magana a kansa, amma idan shi aka saya ko aka karanta sai ya koma knygą. Bahaushen da ya taɓa ganin ƙasa ta zama kasa saboda na'ura ta rasa lanƙwasa ya san zafin wannan.

Matakin farko a Windows 11 shi ne shiga Settings, a zaɓi Time & language, sannan Language & region, a danna Add a language, a nemi Lietuvių. Daga nan mutum na da zaɓin mayar da fuskar kwamfutar gaba ɗaya zuwa harshen, ko ya bar ta yadda take ya ɗauki madannan kawai. Ga mai koyo na biyun ya fi. Danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara shi ke sauya harshen rubutu nan take.

Mataki na biyu ne ke rikita baƙi, domin tsarin madannan ba ɗaya ba ne. Wanda aka fi amfani da shi, mai suna Lithuanian kawai, ya bar haruffan Turanci a mazauninsu ya ɗora sababbin a layin lambobi: 1 ya zama ą, 2 č, 3 ę, 4 ė, 5 į, 6 š, 7 ų, 8 ū, ž kuma ta hau maɓallin alamar daidai. To ina lambobin suka tafi? Suna nan, sai dai a riƙe Alt na hannun dama kafin su fito, ko a yi amfani da rukunin lambobi na gefen allo. Mai shigar da kalmar sirri ya kula sosai a nan, domin 123 da ya saba dannawa za ta fito ąčę, kwamfuta ta ƙi buɗewa shi kuwa bai san dalili ba.

Akwai kuma Lithuanian Standard, wanda aka gina a kan ƙa'idar ƙasar mai lamba LST 1582 ta shekarar 2000. Layin haruffansa na sama yana farawa da ĄŽERTY, an tura Q da W da X gefe tunda ba sa cikin haruffan harshen. Tsari ne mai hikima ga wanda zai wuni yana rubutu da harshen, amma yatsun da suka saba da allon Turanci sai sun sake koyon aiki daga tushe. Wanda ke haɗa harsuna biyu ko uku a rana ya tsaya a na farkon.

A Linux abin ya fi sauri. A tsarin X11 umarnin setxkbmap lt yana kawo tsarin layin lambobi, setxkbmap lt std kuma na ƙa'idar ƙasa. A Ubuntu, sudo locale-gen lt_LT.UTF-8 ke samar da saitin yankin. A Mac ana ƙara madannan ta System Settings, ƙarƙashin Keyboard. A wayar Android kuwa a ƙara harshen cikin saitin Gboard, sannan dogon danni a kan e zai fito da ę da ė.

Saitin yanki na lt-LT yana da nasa amfani ko bayan an gama da madannai. Kwanan wata zai fara da shekara, sai wata, sai rana. Waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, wato 2,5 a maimakon 2.5, kuma kuɗin yuro ne tun 1 ga Janairun 2015 da ya maye gurbin litas. Jerin sunaye ma yana sauyawa, domin harafin y yana zama kusa da i ne, kafin j.

Sauran aiki shi ne tsofaffin fayiloli. Kafin UTF-8 ya zama ruwan dare, ana ajiye rubutun da tsarin Baltik, wato Windows-1257 ko ISO 8859-13. Idan kwamfuta ta buɗe irin wannan fayil da tsarin Yammacin Turai, garin Šiauliai zai koma Ðiauliai, kalmar godiya ačiū ta zama aèiû. Rubutun bai lalace ba, karatun ne aka yi da ma'aunin da ba nasa ba. Kada a yi gaggawar adana shi a haka. A sake buɗe shi da manhajar da ke ba da damar zaɓen tsarin Baltik, kamar LibreOffice, sannan a adana da UTF-8. A Linux layi ɗaya ya wadatar: iconv -f CP1257 -t UTF-8, sai sunan fayil.

Masu aikin ƙamus da nazarin harshe suna da ƙarin buƙata, domin sukan ɗora alamar karin murya a kan harafin da dama yana ɗauke da wata alamar, kamar ė ko ų, kuma ba kowane salon haruffa ke jera su daidai ba. Don irin wannan aiki aka ƙera salon Palemonas, wanda Hukumar Harshen Lituwaniya ta ƙasa ke bayarwa kyauta.